Yadda ƙuri'ar arewacin Kamaru ta kuɓuce wa dillalanta

A zaɓen shugaban ƙasa na 2018, jihar Arewa Mai Nisa ta ba Shugaba Paul Biya kusan kashi 89 cikin ɗari na ƙuri'unta, jihar Arewa da ta Adamawa kuma kowacce ta ba shi wajen kashi 80. Shekara 7 bayan haka, a zaɓen 12 ga Oktoban 2025, alƙaluman da Majalisar Tsarin Mulki ta bayyana sun nuna ko rabi bai samu ba a Arewa Mai Nisa, da kyar ya sha gaban ɗan takarar adawa Issa Tchiroma Bakary, tsohon ministansa kuma ɗan arewa. A Arewa da Adamawa kuwa Tchiroma ne a gaba. Wannan fa lissafin hukuma ne, wanda 'yan adawa suka ce an yi masa aringizo. Ko a kansa kaɗai aka tsaya, yankin da aka daɗe ana kira rumbun ƙuri'un jam'iyyar RDPC mai mulki ya juya baya a zaɓe guda, kuma har zuwa watan Yunin 2025 masu sharhi ƙalilan ne suka hango zuwan abin.

A ganina, abin da aka daɗe ana kira biyayyar arewa ga RDPC ba biyayya ba ce tun asali. Ƙuri'a ce da wasu manya ke tattarowa su kai Yawunde, a biya su da muƙami. Masu binciken jin ra'ayin jama'a kuma sun daɗe suna auna abin da mutum zai iya furtawa a gaban baƙo, suna rubuta shi a matsayin abin da ke ransa.

Binciken da aka fi dogara da shi a Kamaru shi ne na Afrobarometer, wanda ya fara aiki a ƙasar a 2013. Aiki ne na tsakani da Allah: ana zaɓo mutum 1,200 daga dukkan jihohi 10, a je har gida a yi musu tambayoyi baki da baki, kuma kuskuren da ake tsammani a sakamakon ƙasa baki ɗaya bai wuce maki 3 sama ko ƙasa ba. Matsalar tana farawa ne idan aka ce a ware arewa. Jihohin uku suna da wajen kashi ɗaya cikin uku na jama'ar ƙasar, wato mutum 400 ke nan a cikin 1,200, kuma a nan kuskuren ya kai maki 5. Idan aka ware Adamawa ita kaɗai, mutanen da aka tambaya ba za su wuce 60 ko 70 ba, kuskuren ya haura maki 10. Da irin wannan ba a iya cewa ga wanda ke gaba a Ngaundere, balle a Tibati ko Banyo. Sannan rabon mutanen tsakanin jihohi ya dogara ne da hasashen da aka gina kan ƙidayar jama'a ta 2005. Yaron da aka haifa a shekarar, a 2025 ya cika shekara 20, shekarun da dokar Kamaru ta ba shi damar jefa ƙuri'a. A tsakanin nan Boko Haram ta tashi garuruwa a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon da Shari, ambaliya ta kori mutane a Yaguwa da Maga, unguwannin bayan gari a Marwa da Garwa sun cika sun batse.

Wannan duk matsalar lissafi ce, kuma ana iya gyara ta da kuɗi. Wadda kuɗi ba ya gyarawa ita ce ta zaure. Saurayi ya iso ƙauye da waya ko ƙaramar kwamfuta a hannu, da takardar izini mai tambarin hukuma. Ba ya shiga gidan kowa sai ya biya ta wurin jauro ko lawan ya yi gaisuwa, domin haka tsari yake, kuma sau da yawa yaron jauro ne zai nuna masa hanya. Ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma. Ya ce, "Baba, da a ce gobe za a yi zaɓe, ɗan takarar wace jam'iyya za ku zaɓa?" Dattijon ya dubi wayar, ya dubi ƙofar zaure, ya ce, "Ɗana, ai mu inda manya suka sa gaba nan muke." Ko ya ce bai riga ya yanke shawara ba. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi komai ba. Su kansu masu Afrobarometer sun san da wannan, shi ya sa a ƙarshen hira suke tambayar mutum wa yake zaton ya aiko su, kuma a ƙasashen Afirka da dama mutane masu yawa kan ce gwamnati ce. Saboda haka idan na ga sakamakon bincike kan Kamaru, layin da nake fara dubawa shi ne na waɗanda suka ce ba su sani ba, da waɗanda suka ƙi amsawa, da waɗanda suka ce ba sa jin kusanci da kowace jam'iyya. A can ne ƙuri'ar da za ta motsa take kwance.

Mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan shirun. Mai shago a babbar kasuwar Garwa, ko mai sayar da tsire a Briketeri ta Yawunde, ko direban da ke ɗauko albasa daga Marwa zuwa Duwala, duk harkarsu a hannun jami'an haraji da kwastan da jandarmomin hanya take. Wanda abincinsa ke bi ta shingen hukuma kullum ba ya bayyana wa baƙo ra'ayinsa na siyasa.

Su kuwa ƙuri'un jin ra'ayi da ake yi a Facebook, inda ake jera hotunan 'yan takara a ce kowa ya danna nasa, ba su cancanci sunan bincike ba. Masu waya da kuɗin intanet kawai suke ƙirgawa, da yawansu ma suna Faransa ko Amurka, kuma mutum ɗaya na iya dannawa da asusu biyar.

Wanda ya san 1992 bai kamata 2025 ta ba shi mamaki ba. A zaɓen 'yan majalisa na watan Maris ɗin 1992, na farko bayan dawowar jam'iyyu da yawa, RDPC ta samu kujeru 88 cikin 180, jam'iyyar UNDP ta Bello Bouba Maigari, ɗan arewa, ta samu 68. RDPC ba ta da rinjaye. Abin da ya cece ta shi ne kujeru 6 na jam'iyyar MDR ta Dakole Daissala, ɗan Tupuri daga Arewa Mai Nisa, wanda ya shiga gwamnati. A zaɓen shugaban ƙasa na Oktoban shekarar, Biya ya samu wajen kashi 40, madugun adawa John Fru Ndi 36, Bello Bouba 19. Arewa a lokacin da ɗacin rai take. Ahmadou Ahidjo, ɗan Garwa, wanda ya miƙa wa Biya mulki a Nuwamban 1982, ya rasu yana gudun hijira a Dakar a 1989, kuma har yau a can kabarinsa yake. Bayan yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilun 1984 an kashe sojoji 'yan arewa da dama, an ɗaure wasu manya shekaru, cikinsu har da Tchiroma da Dakole.

Abin da Biya ya yi da wannan ɗacin shi ne gwanintarsa ta siyasa. Bai tsaya lallashin talaka ba, shugabannin ya ɗauke ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen 1992 Tchiroma da Hamadou Moustapha, jiga-jigan UNDP, suka karɓi kujerun minista ba da yardarta ba, jam'iyyar ta dare. A Disambar 1997 Bello Bouba da kansa ya shiga gwamnati, ya zauna a cikinta har 2025. UNDP ta sauko daga kujeru 68 zuwa 13 a 1997, zuwa 1 tak a 2002. Ta ɗaya gefen kuma aka ɗaga manyan ƙabilun da suka daɗe suna ganin Fulani sun danne su a zamanin Ahidjo. Cavaye Yeguie Djibril, daga yankin Tokombere, ya hau kujerar shugaban majalisar dokoki a 1992 ya shafe fiye da shekara 30 a kanta. Sarakuna ma an ɗaure su da igiya biyu: dokar 1977 ta mayar da su mataimakan hukuma, daga 2013 kuma aka yanka musu albashin wata, sefa 200,000 ga mai daraja ta ɗaya, 100,000 ga ta biyu, 50,000 ga ta uku. A shekarar ce kuma aka ba Lamiɗon Rai Buba, Aboubakary Abdoulaye, mataimakin shugaban majalisar dattawa. Wanda ya nuna alamar hangen kujerar sama kuwa, ga Marafa Hamidou Yaya, wani ɗan Garwan, wanda aka kama a 2012 aka ɗaure kan zargin almundahana, hukuncin da magoya bayansa ke cewa na siyasa ne.

To, kashi 89 na 2018 daga nan ya fito. A zaɓen kusan duk manyan 'yan arewa sun tsaya bayan Biya: Bello, Tchiroma, Dakole, Cavaye, da lamiɓe. Babban ɗan adawa, Maurice Kamto, ba shi da tushe a yankin, ba shi da wakilai a rumfuna da yawa. Inda babu wakilin adawa kuwa, abin da aka rubuta a takardar sakamako shi ne sakamako.

Tsarin jefa ƙuri'ar ma yana taimakon dillali. A Kamaru ba takarda ɗaya ake bugawa mai ɗauke da sunayen kowa ba. Kowane ɗan takara da tasa takardar. Mai zaɓe zai ɗebi dukkansu, a 2025 guda 12, ya shiga bayan labule, ya sa ɗaya a ambulan, ya zubar da sauran a buhun shara. Mai sayen ƙuri'a sai ya ce kada ka zubar, fito min da na 'yan adawa in gani, sannan ka karɓi kuɗinka. 'Yan adawa sun yi shekaru suna neman a koma takarda ɗaya, ba a yi ba.

Me ya karya wannan tsari? Na farko, dillalan sun daina kawo wa mutanensu komai. Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2021 zuwa 2022 ya nuna talauci a Kamaru baki ɗaya kashi 37.7 ne, amma a Arewa Mai Nisa kashi 69 ne, a jihar Arewa kashi 61. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, wadda kayan Chadi ke bi, an yi shekaru ana alkawarin gyaranta. Wutar da madatsar Lagdo ke bayarwa ba ta isar jihohin uku, idan rani ya yi nisa unguwa-unguwa ake rabonta. Sai ga man fetur: a Fabrairun 2023 lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta koma 840. A tsakani Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zuwa-zuwa, wato man da ake shigo da shi ta kan iyaka a sayar a kwalabe a bakin titi, shi ma ya yi tsada. Wanda bai zauna a Garwa ko Marwa ba ba zai gane girman wannan ba. Dubban 'yan acaɓa da masu sayar da man da iyalansu a kan rahusar man nan suke ci.

Na biyu, an samu sabon zubin matasa. Jami'ar Marwa an kafa ta a 2008, ta Garwa a 2022, ga ta Ngaundere tun 1993. Suna yaye ɗalibai kowace shekara, aiki babu. Waɗannan ba su san 1984 ba sai a labari, ba sa jin nauyin lawan kamar iyayensu, kuma suna da WhatsApp. A 2020 ɗan jarida Guibai Gatama ya kafa wata ƙungiya mai kiran kanta ta 'yan arewa miliyan goma, yana ƙirga yadda ake raba guraben aiki da na manyan makarantu, gwamnati ta haramta ta a shekarar. Kukan bai tsaya kan Musulmi ba. Wajen shigowar shekarar 2025 Bishop ɗin Yaguwa, Barthelemy Yaouda, ya faɗa a cikin coci cewa wahalar ta isa, ko shaiɗan ne ya fara karɓar mulkin, daga baya a ga abin da za a yi. Maganar ta zaga ƙasa, har daga baya magoya bayan Tchiroma suka riƙa yi masa laƙabi da shaiɗan na kirki. Rabuwar Musulmi da Kirista, da ta Fulani da sauran ƙabilu, wadda RDPC ta ci moriyarta shekara 30, yunwa ta rage mata ƙarfi.

Amma fushi kaɗai ba ya zama ƙuri'a sai ya samu inda zai zuba. A ƙarshen Yunin 2025 Tchiroma ya ajiye muƙaminsa na ministan samar da ayyukan yi, kwanaki kaɗan Bello Bouba ya bayyana takararsa shi ma. A ƙarshen Yuli hukumar zaɓe ta ELECAM ta ƙi karɓar takarar Kamto, Majalisar Tsarin Mulki ta tabbatar da hakan a farkon Agusta.

Nan ne wurin da ya fi dacewa a tsaya a duba. Da jam'iyya mutane ke bi, Bello ne ya kamata ya kwashe arewa. UNDP ta girmi FSNC ta Tchiroma da shekara 16, tana da kujeru 7 a majalisar da aka zaɓa a 2020, FSNC tana da 3. Bello tsohon firaminista ne, 'yan takara biyu, Akere Muna da Ateki Seta Caxton, sun janye sun mara masa baya. Da aka ƙirga, kashi 2.45 ya samu. Tchiroma ya samu 35.19 a lissafin hukuma, shi kuma ya ce kashi 54.8 ya ci. Ke nan hatta 'yan UNDP na gado, waɗanda suka ɗaga tutarta tun 1992, da yawansu sun bar shugabansu a rumfar zaɓe. Zaɓen Kamaru zagaye ɗaya ne, wanda ya fi yawa ya ci ko da bai kai rabi ba. Mutane sun koyi darasin 1992, lokacin da ƙuri'un Fru Ndi da na Bello a haɗe suka haura kashi 55 amma Biya ya zauna. Sai suka yi wa kansu zagayen farko a kasuwa da masallaci da waya, suna kallon taron wa ya fi cika, bakin wa ya fi kaifi, wa mutanen kudu za su yarda su bi. Da ta bayyana Tchiroma ne, sai aka ruɗu gaba ɗaya a koma gare shi cikin 'yan makonni. Duk binciken da aka yi a watan Yuli ba zai ga wannan ba, domin a Yuli abin bai riga ya faru ba.

Ba kuma tsantsar ɗan'uwantaka ba ce, duk da ba za a ce babu ita ba. Jihar da Tchiroma ya fi samun rinjaye ita ce ta gaɓar teku, inda Duwala take, ya kuma zo na ɗaya a jihar Yamma, mahaifar Kamto. Mutumin da ya yi shekara 10 yana ministan sadarwa, daga 2009 zuwa 2019, yana kare gwamnati a kan kowane zargi, har sai da ya je Bamenda lokacin kamfe ya nemi gafara kan kalamansa game da rikicin yankin masu Turancin Ingilishi, shi ne 'yan Duwala suka zaɓa. Ban yarda cewa sun manta ba. Sun ga ƙofa ce a buɗe suka bi.

Akwai wani lissafi da ba a cika ambata ba. A 2018 Biya ya samu ƙuri'a wajen miliyan 2.5, aka ce kashi 71.28. A 2025 ya sake samun kusan miliyan 2.5, aka ce kashi 53.66. Adadinsa bai motsa sosai ba, masu rajista ne suka ƙaru daga wajen miliyan 6.6 zuwa miliyan 8, fitowar jama'a ta tashi daga kusan kashi 54 zuwa kusan 58. Tunda ya yi asara mai yawa a arewa, ina ya cike giɓin? Babban ɓangare daga jihohin Arewa Maso Yamma da Kudu Maso Yamma ne, inda ake yaƙi da 'yan aware. A 2018 waɗanda suka fita zaɓe a Arewa Maso Yamma wajen kashi 5 ne kawai. A 2025 aka bayyana fitowa mai yawa, aka ba Biya fiye da kashi 80 a can. A kan waɗannan alƙaluma ne 'yan adawa suka fi ɗaga murya. Doka ta ce a bayyana sakamakon kowace rumfa a wurin bayan ƙirga, kuma a daren 12 ga Oktoba matasa a Garwa da Marwa sun tsaya har aka gama, suna ɗaukar hoton allo da takardun sakamako suna turawa. Amma dokar dai ta ce Majalisar Tsarin Mulki kaɗai ke bayyana na ƙasa, kuma ba a wallafa sakamakon rumfa-rumfa yadda kowa zai haɗa da kansa. Daga wannan tazarar rikicin ya taso. Tchiroma ya ce shi ya ci tun 14 ga wata, aka bayyana Biya ranar 27, aka rasa rayuka a Duwala da Garwa da wasu garuruwa. An rantsar da Biya ranar 6 ga Nuwamba yana da shekara 92, Tchiroma ya fice zuwa Gambiya, Anicet Ekane, ɗaya daga cikin jagororin da suka tsayar da shi, ya rasu a tsare ranar 1 ga Disamba.

Kuskure ne a ɗauka ƙuri'ar da ta bar RDPC ta zama ta FSNC. Zaɓen shugaban ƙasa mutum ɗaya ake nema, guguwa na iya ɗaukarsa. Zaɓen 'yan majalisa da na ƙananan hukumomi, waɗanda ya kamata a yi tun Fabrairun 2025 aka ɗage, jerin sunaye ake tsayarwa a kowace mazaɓa, a biya kuɗin ajiya, a daidaita ƙabilu a cikin jerin, a samo wakili ga kowace rumfa a ciyar da shi. A wannan fagen RDPC, mai kujeru 152 cikin 180 a zaɓen 2020, ita ce kaɗai ke da mutum a kowane ƙauye, kuma a zaɓen magajin gari maganar rijiya da rumfar kasuwa da filin gona ake yi, inda lawan ke da sauran tasiri. UNDP na iya farfaɗowa a garuruwan da take da kansiloli, ko da shugabanta ya sha ƙasa. FSNC kuwa shugabanta ya fice waje bayan zaɓen, wasu jagororinta sun sha kamu, kuma yawancin waɗanda suka zaɓi Tchiroma ba su taɓa riƙe katinta ba.

Sannan akwai waɗanda ba sa cikin kowane lissafi. Ƙasa mai mutum kusan miliyan 30, masu rajista miliyan 8. A ƙauyukan Arewa Mai Nisa yara da yawa na tashi ba takardar haihuwa, ba ta kuwa babu katin ɗan ƙasa, babu katin ɗan ƙasa rajistar zaɓe ta yi wuya. Mai bincike zai iya zama da irin wannan matashi a zaure ya rubuta ra'ayinsa, ranar zaɓe kuma ba ya cikin layi. Jam'iyyar da ta ɗauki nauyin bin waɗannan matasa zuwa kotu a yi musu takardar shaidar haihuwa, daga nan zuwa ofishin 'yan sanda a yi katin, za ta ƙara wa kanta ƙuri'u a Mayo-Danay da Diyamare fiye da abin da kowane minista zai kawo mata.